Jan Tabo a Kan Belinga

Na'urar Farfesa Zambo ta shafa wa gaban ƙwaƙwalwar Belinga ja, don haka za a buɗe masa kai da la'asar.

Belinga ɗan acaɓa ne, babur ya kayar da shi a kasuwar Mokolo. Ga shi nan kan gadon asibiti yana cin gasasshen kifi da hannu biyu, yana tsokanar ma'aikatan jinya. Wai mai kumburin ƙwaƙwalwa ke nan.

Aikin na'urar ba wuya. Takan ɗora hoton kan majinyaci a kan hoton wani lafiyayyen kai da aka ajiye mata, ta gane kowane sashe da sunansa, inda suka saɓa ta shafa ja. Na'urorin waje da kan Turawa suke awo. Farfesa ya ce wannan raini ne, tasa da kan ɗan ƙasa za ta yi aiki. Aka yi ta tafi, har a talabijin.

Tun daga nan kowa aka saka sai a ga kumburi a gaba. Abin ya dami Dakta Edimo, likitar da ke karanta hotunan, amma wa zai yi musu? Tun da motar Farfesa ta ƙwace a hanyar Douala ya fito yana kaɗe riga, ya hana kowa ko taɓa shi, fushinsa ya zama na ba gaira ba dalili. Ya kori likita kan gaisuwa. Turare kuwa yakan kwarara shi har ido ya yi yaji, shi bai san yana yi ba.

Ana aske wa Belinga kai, tausayinsa ya kama Edimo. Ta buɗe lafiyayyen kan nan da ba wanda ya taɓa dubawa, tunda an ce lafiyayye ne. A gabansa akwai rami, kamar an kwashe ƙwai guda. Ashe kawunan mutane ba kumbura suke ba, cikakku ne kawai.

Ta kai wa Farfesa hoton.

"Ranka ya daɗe, a dakata da Belinga. Da wannan ake auna shi."

Ya duba, ya ja tsaki.

"Wane jaki ne ya kawo wannan? A soke tiyatar! 'Yata, mai kan nan ai ya gama yawo. Ba tunani, ba kunya, ba birki. Ko kuɗin tasi kada a bari ya yanke shawara a kai. A nemo shi a kwantar da shi yau. Wane ne?"

Edimo ta sunkuyar da kai. Ita da hannunta ta tura Farfesa cikin injin ɗaukar hoton nan bara, bayan haɗarin motarsa, yana kwance yana faɗa mata duk Yaounde ba za a samu kan da ya kai nasa lafiya ba.