Sashe na Tara

Ganizani Kachale bai kai ga kunna sabon rediyon sau uku ba, matarsa Tiyamike ta leƙa garke ta ga babu akuyarta mai ciki, wadda ya yi musayarta da rediyon. Ba ta yi ihu ba, abin da ya fi tayar masa da hankali ke nan. Tuwon masara ta ajiye masa da ƙananan kifi, ta ce, "Ci ka ƙoshi, maigida. Ran Juma'a kai da Sashe na Tara."

Ya mayar da lomar cikin kwano.

A ƙauyen nan na bakin tafki ba mai wahalar da bakinsa da dogon sunan doka. Ta kamun kifi Dokar Raga ake ce mata, ta sare itace Dokar Gatari. Wannan kuwa ko laƙabi ba ta nema ba, lambarta ta isa. Namijin da ya fitar da dabbar matarsa ba da yardarta ba, wata shida a gidan yari. Tun kafin a haifi Ganizani maza ke tsoronta, kuma ba a taɓa ɗaure kowa ba, don ba wanda ya taɓa bari Juma'a, ranar kai ƙara, ta riske shi bai maido da dabbar ba.

A wajen dara abokansa suka yi masa dariya har da hawaye. Dalitso kaɗai, tsohon malamin makaranta, ya tsuke fuska.

"Sashe na tara na wace doka?" in ji shi. "A Turance doka ba ta yawo tsirara, ɗan'uwa. Tana da cikakken suna, da lamba, da shekara. Tafi kotu a karanta maka. Wataƙila ma tarar kuɗi ce kawai."

Da sassafe Ganizani ya hau keke ya nufi gari. Shi fa ba rediyon yake ji ba yanzu, wata shidan nan ne.

Magatakardar kotun wata matashiya ce mai tabarau. Ta tambaye shi ƙauyensu. Da ya faɗa, sai tari ya kama ta, ta juya baya ta daɗe tana neman littafi. Ta sauko da wani ƙato, ta buɗe, ta gyara murya.

"Baba, nan kotu ce, ba ma cewa Sashe na Tara kamar a kasuwa. Dokar Kiwon Dabbobin Gida ce, lamba ta ashirin da ɗaya, ta shekarar alif ɗari tara da sittin da takwas, kamar yadda aka gyara ta."

"An gyara? An rage ke nan?"

"Akuyar tana da ciki?"

Ya ce tana da shi.

"Kash! Ɗaurin wata tara ke nan."

Ya miƙa wuya zai gani, ta ɗora tafin hannu a kan shafin. "Littafin gwamnati ne, Baba, hannunka kuma ƙarnin kifi yake yi."

Wallahi keken nan bai taɓa gudu irin na ranar ba. Mutumin da suka yi musaya ya ce shi fa ya riga ya saba da akuyar, sai da Ganizani ya ɗora masa kwat ɗinsa ta zuwa coci a kan rediyon. Kafin la'asar ɗin Alhamis akuyar tana garkenta tana tuƙa. Dalitso ma da ya ji cikakken sunan, da lamba da shekara, sai ya je ya maido wa matarsa kazar da ya bayar aro tun bara.

Ita kuwa magatakardar, sai da keken ya ɓace ta saki dariyar da ta riƙe. 'Yar ƙauyen ce, a gari ta tashi. Kakarta ta yi shekara ashirin tana share wannan kotu, a nan ta lura cewa namiji da ya ji lamba da Turanci sai tsoro ya kama shi, ta kai wa matan ƙauye Sashe na Tara tsaraba. Yarinyar ta sake duban shafin kafin ta rufe.

Dokar Kiwon Dabbobin Gida sashe takwas ne da ita.