Gorar da Garga Ya Tuge

Garga mai tsire ya sauka unguwar Briketeri ta Yawunde a shekarar da jirgin ƙasa ya fara kaiwa Ngaundere. Ya sami fili a bakin gangare, can ƙasan unguwa, ya gina ɗaki biyu da madafi. Komai ya yi masa, ban da abu ɗaya: tsakanin bangon madafin da rafin da ke ƙasa akwai kurmin gora, tsawonsa ya ninka na gidan.

A Garwa, inda ya tashi, gidan mutumin kirki fes yake, an share ƙasa har tana sheƙi. Ciyawa a jikin katanga ma'anarta biyu ce: ko maciji, ko maigida malalaci. Garga kuwa bai yi wannan doguwar tafiya don a kira shi malalaci ba.

Ya fara da wuta, kamar yadda ake yi wa gamba da rani. Gorar ɗanya ce, ta yi hayaƙi, ta sa matarsa Azumi tari na kwana biyu, ta tsaya inda take. Ya ɗauko adda ya sare ta kaf. Sati uku ba su cika ba sai ga sababbin tsirai sun huda ƙasa, kauri kamar damtse, kowace safiya sun ƙara taƙi.

Esomba, wani tsoho ɗan ƙabilar Ewondo da ya ba shi filin, ya biyo ta nan zai tafi kasuwar Mokolo, ya tarar da shi yana wasa diga. Da 'yar Hausarsa ta kasuwa ya gaya masa ubansa ne ya dasa gorar. Ya ce tudun nan ba dutse ba ne, jar ƙasa ce mai shan ruwa har ta zama kunu, saiwoyin gorar ne suka saƙu a ciki kamar tabarma suka riƙe ta.

"Sare sama, yi shinge, yi gado, gobe ya fito," in ji shi. "Ƙasa dai, bar shi."

Garga ya yi godiya, har ya naɗe masa tsire a takarda. Da yamma ya ba 'yan majalisa labari, ya ce mutanen kurmi da za a ƙyale su a kan bishiya za su riƙa kwana. Aka yi dariya sosai.

Ba jahili ba ne Garga. Ya san ran ciyawa ba a ganye yake ba, a saiwa yake, shi ya sa dajin Arewa da aka ƙone ƙurmus kan yi kore shar da ruwan farko. Saninsa daidai ne. Da shi ya yi wata biyu yana tono, yana tuge saiwa ɗaya bayan ɗaya, har bayan gidan ya koma jan fili, sumul. Duk wanda ya wuce sai ya yaba, ana cewa Garga ya kawo Garwa Yawunde.

Da babbar damina ta kankama, Azumi ta tare shi zai fita.

"Malam, bangon madafi ya tsage. Yatsana yana shiga."

"To, ki daina sa yatsan," ya ce. Ya yi mata alkawarin zai liƙe idan ruwa ya ɗauke.

A watan Oktoba aka yi kwana huɗu ana ruwa. Rana ta biyar, bayan azahar, Garga yana bakin tukuba, Azumi tana tuƙa tuwo. Maƙwabta sun ce ba su ji ƙara mai yawa ba. Ƙasar ce kawai ta zame, ta tafi da madafin gaba ɗaya. Kafin magariba aka tono gawar Azumi a bakin rafi, ƙarƙashin kwanon rufi.

A zaman makoki kowa ya ce kwana ne ya ƙare. Gaskiya ne, kuma magana ce mai sauƙin faɗi. Ba wanda ya ambaci gora. Esomba ya zo, ya tsaya a ƙofar gida, ya cire hula, ya juya.

Bayan sadakar bakwai, Mika'ilu, maƙwabcinsa na saman gangaren, ya zo aron diga, wai shi ma ciyayi sun dame shi. Garga ya riƙe masa hannu, ya gaya masa duk abin da tsohon ya faɗa, bai rage ko kalma ba. Mika'ilu ya saurara da ladabi, ya ba shi haƙuri, ya fita yana cewa rashi ya taɓa bawan Allah. Ya samu diga a gida na gaba.

Jama'a, abin da yake tsabta a filin Arewa, a gangaren Yawunde tonon kabari ne. Kafin ku tuge abin da kuka tarar a tsaye, ku tambayi wanda ya riga ku zama a wurin me yake riƙe da shi, kuma idan ya faɗa, ku ji.