Gurasa a Kan Gora

Tun da aka hana fita da rana saboda zafi, tsakar gida ce murhunmu. Yau fulawa ta samu! Inna Tabawa, uwar mijina, ta kwaɓa, ta murza curin ya yi fale-fale, ni kuma na tura shi a kasko waje cikin rana da doguwar gora.

"Lantana, duba, tana tashi!" in ji Inna, har da guɗa.

Gurasar fari ta maƙwabci ce, haka muka gada. Daga bakin ƙofa muka miƙa ta a gora, ta kan katangar Baba Ɗanlami, tsohon da ba mu ji tarinsa ba tun Juma'a.

Shiru. Inna ta daina dariya.

Sai gorar ta motsa. Ta dawo da ƙullin garin ƙuli-ƙuli, muryarsa na biye: "Gishiri ya yi kaɗan!"