Ranar da Me-ya-sa Ya Haɗiye Tambaya

Sunansa na yanka ya ɓace tun yana ƙarami, kowa a gida Me-ya-sa yake ce masa. Me ya sa gishiri ke narkewa a ruwa amma yashi ya ƙi? Me ya sa ƙofar ƙarfe ke fara tsatsa daga ƙasa? Ummansa takan yi dariya ta ce yaron nan ko mala'ikun kabari sai ya riga su tambaya.

Baba, direban babbar mota, bai ga abin dariya ba. "Ɗa na gari kunne gare shi, ba baki ba," in ji shi. A makaranta ma wani malami ya taɓa daka masa tsawa: "Koyo ka zo yi ko ƙure ni?" Sannu a hankali yaron ya iya haɗiye tambaya kamar ƙwayar magani. Ya koma hadda, ya gama jami'a a fannin sinadarai da sakamako mai kyau. Sunan dai ya zauna, halin ne ya tafi.

Ya daɗe yana yawon neman aiki, har dunduniyar takalminsa ta cinye. Baba kuma ido ya yi rauni, ya ajiye tuƙi, gidan duka ya zuba wa Me-ya-sa ido. Ana nan sai wani kamfanin fenti ya kira shi ganawa. Mutum ɗaya suke nema a ɗakin gwaji, kuma bayan tantancewa su biyu suka rage: shi da wata 'yar ajinsu da ake wa laƙabi da Aku saboda surutu.

Da safe Umma ta goge masa riga, Baba ya zaunar da shi.

"Ka sunkuyar da kai. Abin da aka tambaye ka shi kaɗai za ka amsa. Kada tsohon ciwon nan naka ya tashi a gaban manya."

"To, Baba."

Shugabar ɗakin gwajin, wata dattijuwa mai tabarau, ta jero masa tambayoyi, ya amsa su tiryan-tiryan. Daga nan ta ce ya biyo ta. Suka ratsa ta tsakanin manyan tankuna masu juya fenti, wari na shiga har maƙogwaro, suka hau matakala zuwa saman rufin ginin.

Abin da ya gani ya tsayar da shi. Alluna ne na katako jere a rana, kowanne da kalar fentinsa, an jingine su duk suna kallon gefe ɗaya. An kuma rufe rabin kowane allo da farantin ƙarfe. Zuciyarsa ta fara ƙaiƙayi. Me ya sa rabi kawai? Me ke ƙarƙashin farantin? Me ya sa ja ya fi shuɗi koɗewa? Rabon da ya ji irin wannan daɗin tun yana yaro.

Matar ta tsaya kusa da allunan, ta harɗe hannu tana kallonsa. Tambayar ta taso masa har bakin leɓe. Sai ya tuna da Baba, ya mayar da idonsa kan takalminsa.

"Kana da tambaya?" ta ce.

"Babu, ranki ya daɗe. Komai ya yi kyau."

Ta ɗan dube shi ta saman tabarau, ta ce Allah ya ba da sa'a.

Aku aka ɗauka. Ya ji zafin abin ƙwarai, don ya san ya fi ta maki tun daga ajin farko. Ranar da suka haɗu a tashar mota, ya daure ya taya ta murna, sannan ya ce, "Wai ke me kika yi musu?"

"Ni? Wallahi har tambaya biyu na faɗi. Amma da muka hau sama na ga allunan nan sai na kasa haƙuri, na ce, Hajiya, me ya sa aka rufe rabi? Ta ɗaga farantin ta nuna min: ƙasan yana nan sabo fil, wajen ya koɗe. Da haka suke auna yadda rana ke cin fenti. Na ce to ruwan sama fa? Muka yi ta hira har shayinta ya huce."



"Daga baya ta ce min kowa takan kai shi wurin da gangan," Aku ta ci gaba. "Wai wanda ya ga abin mamaki ya yi shiru, ranar da ya ga kuskure a tanki ma shiru zai yi."

Ya koma gida ya tarar da Baba a ƙofar ɗaki, rediyo a cinya. Ya durƙusa ya kwashe labarin duka ya faɗa masa, har da tambayoyin da suka taso masa a saman rufin. Baba ya kashe rediyon, ransa a ɓace.

"Ashe ka gani! To me ya sa ba ka tambaya ba?"

Me-ya-sa ya ɗago kai, idonsa ya ciko.

"Baba, yau kai ne da me ya sa?"

 A bakin murhu Umma ta juya baya tana share ido da gefen mayafi.

Ɗalibai, takarda za ta kai ku ƙofar ma'aikata, amma mai ɗaukar aiki yana son ya ga kuna son sanin aikin. Ku yi tambaya cikin ladabi, matambayi ba ya ɓata. Iyaye da malamai kuma, tambayar yaro ba rashin kunya ba ce. Bakin da kuka rufe yau, da shi zai nemi abinci gobe.