Inuwa a Bayan Tanimu

A ƙasar da Sallau yake aiki, an toshe wa baƙi duk kafafen sada zumunta. Wanda ya sa intanet a ɗakinsa, fuska ɗaya tak ake buɗe masa daga gida, kuma fuskar ba ta shiga ɗaki biyu. Da aka tambayi Inna, mahaifiyarsa, a Azare, sai ta zaɓi ɗakin Tanimu, autanta, da shi ma yake ƙasar.

Shi ya sa ran Juma'a Sallau ya hau bene wajen ƙanen nasa yana cin magani. Shi ya kawo yaron nan ƙasar, amma yau sai ya ƙwanƙwasa masa ƙofa kafin ya ga uwarsa!

Ya tarar hoton Inna ya cika allon na'urar da ke bango, tana gyaran zogale.

"Ɗan autana, ka ci abinci kuwa?"

Sallau ya tsaya bayan kujera. Na'urar ba ta san da shi ba. Ba ta kai muryarsa, jikinsa kuma toka-toka take nuna shi. Duk da haka ya rusuna ya gaishe da Inna. Ko ɗagowa ba ta yi ba. Tanimu kuwa ya miƙe ƙafa, sai zuba yake, tana ta dariya.

Sallau ya dubi wayar wutar na'urar da ke bango. Ya fizge ta mana, kowa ma ya rasa!

Ya kai hannu ke nan, Inna ta matso da fuska.

"Inuwar wa nake gani a bayanka?"

"Yaya ne, Inna."

Ta daɗe tana kallo, zogalen a hannu.

"Ya rame. Tashi ka ba shi kujerar."