Dunƙulen Ƙarfen Mai Randa

Kai da ba ka iya ganin abu ka ƙyale sai ka tono asalinsa, gyara zama ka ji yadda wani manomi ya ƙare.

A wani gari mai tsohuwar ganuwa aka yi shi, matarsa kuwa maginiyar tukwane ce. Randarta ba a magana: ga kauri daidai ko'ina, ga sanyin ruwa, har daga ƙauyuka ake zuwa a yi kamu tun tana ɗanya. Asirin aikin wani dunƙulen ƙarfe ne, bai fi goriba girma ba, baƙi wuluk, sumul, ga nauyin tsiya. Takan sa shi ta cikin randa ta tokare yumɓu, tana bugun waje da ɗan katako, har jikin ya daidaita. Uwar mijinta ce ta bar mata shi, ita ma a hannun tata surukar ta gada, an dai ce wani kakan gidan ne ya tsince shi a gindin ganuwa yana huɗa. Ba wadda ta taɓa tambayar ko mene ne. Yana aiki, ana cin tuwo, magana ta ƙare.

Shi kuwa maigidan abu ɗaya ke ci masa tuwo a ƙwarya: a majalisa ba a kiransa sai mijin mai randa. Rannan wani tsohon soja ya zo sayen tulu, ya ga dunƙulen, ya jinjina shi a hannu, ya ce wannan ai ya yi kama da harsashin igwa irin na yaƙin da. To fa, an sosa wa mutuminka inda yake masa ƙaiƙayi. Nan take ya gama tsara labari a ransa: in harsashi ne, kakansa a bakin ganuwa ya tsaya ranar da aka kawo wa garin yaƙi, in kuwa haka ne, shi jikan barde ne, kowa ya shiga taitayinsa. Maganar huɗa ma ya manta da ita. Ya bari sai da matar ta tafi ɗebo yumɓu ranar kasuwa, ya sunkuce ƙarfen ya jefa a aljihu. Bai tambaye ta ba, don ya san amsar da zai samu.

A kasuwa kowa da idon sana'arsa ya kalli abin. Mai sayar da gishiri ya rantse dutsen sikelin fatake ne. Wani mai magani ya ja da baya, ya ce kan aradu ne, irin wanda tsawa ke jefowa, a yi maza a zuba masa nono. Tsohon soja kuwa, da ya ga an taru ana sauraronsa, sai baki ya buɗe. Ya ce na igwa cikinsa rami ne da albarushi, albarushin ma ya daɗe da mutuwa, in ana son gaskiya a fasa a gani. Aka ɗunguma sai maƙera. Maƙerin ya juya dunƙulen, ya ga yadda tafin hannun mata ya goge shi har yana sheƙi, ya ce, "Malam, fasawa ba wuya, mayarwa ce ban iya ba. Uwargida ta sani?" A nan manomi ya tuna randunan da ke jiran bugu a gida. Amma ga jama'a sun zuba masa ido, kunya ta hana shi ja da baya. Ya gyara hula, ya ce ai shi ne mai gidan, a buga.

Aka ɗora a uwar maƙera aka yi ta sakar masa guduma, har ya tarwatse gida uku. Ciki babu rami, babu albarushi, ƙarfe ne toka-toka har tsakiya. Soja ya sosa ƙeya, ya ce yanzu ya tuna, akwai na igwa marasa rami ma. Mai gishiri ya ce dama ya faɗa. Mai magani ya ce ai aradu ma haka take. Kowa ya watse da gaskiyarsa, aka bar bawan Allah tsugune yana tsintar gutsattsari cikin hula.

Da ya isa gida matar ba ta yi faɗa ba, shi kuwa ya gwammace a ce faɗan ta yi. Ta leƙa hular, ta dube shi, ta ce, "Sannu da yaƙi, maigida. An dai ci garin ko?" Daga nan ta juya, sai da ta shiga ɗaki hawaye suka zubo, don abin ya yi mata ciwo ƙwarai. Ta gwada dutsen rafi, wani ya yi kaushi, wani ba nauyi. Ta gwada wanda maƙerin ya ƙera mata, ya riƙa yagar yumɓu. Randunan bana suka fito gefe kauri gefe siriri, rabinsu suka tsage a wuta, masu kamu suka koma wurin wata. Ranin nan kaf manomi a bakin rafi ya yi shi, yana jinjina duwatsu ɗaya bayan ɗaya ko zai dace da mai kama da na da. In masu wucewa suka tsokane shi da tambayar wai shin harsashi ne ko dutsen sikeli, sai ya yi dariyar yaƙe ya ce Allah masani.

Ka ga, asalin da ya fita nema bai samo ba, abin da ke ciyar da gidan kuma ya tafi. Shi ya sa Hausawa ke cewa, garin neman gira a rasa ido.