Rigar Tanimu a Jikin Baba Gambo

Tun da ruwan sama ya fara ƙona fata, ba mai hawa tsaunukan Mambila sai da rigar ruwa ta musamman, wadda ke fitar da zufa amma ba ta barin ɗigo ya shiga. Sai dai kowace riga jikin mai ita kaɗai ta sani. In wani ya saka, yoyo take yi kamar rariya.

Tanimu, mai yi wa baƙi jagora, ya san haka sarai. Wata rana yana saukowa da wasu baƙi, suka tarar da Baba Gambo a raɓe jikin dutse, ya lulluɓa da buhun leda. Shi ne ya koya wa Tanimu hanyoyin tsaunin nan.

Baƙin suka zuba wa Tanimu ido. Sai ya tuɓe rigarsa, ya shige ƙarƙashin laimarsu.

"Baba, yar da buhun nan, saka wannan."

Tsohon ya dube shi na ɗan lokaci, sannan ya saka. Baƙin suka yi ta tafi suna ɗaukar hoto.

Suka iso gari. A ƙofar gidansa Baba ya cire rigar. Wuyansa da kafaɗunsa duk sun yi bororo. Tanimu ya kasa ɗaga kai.

"Baba, ni..."

"Ba komai, baƙinka sun ji daɗi," in ji tsohon. "Gobe in ka hau, ka taho mini da buhun nan nawa."